Darasi Na 7: In Rikicin Bashi Ya Kai Gaban Alƙali

A ce kai mai sayar da hatsi ne. Da kaka ka ba wani abokin cinikinka masara buhu 10 a kan zai biya bayan Sallah. Sallah ta wuce, kullum sai ya ce ka ba shi zuwa Juma'a. Da ka matsa, sai ya ce ai shi buhu 6 ya sani. Ina za ka nufa?

Da yawanmu ofishin 'yan sanda muke fara tunawa, alhali karɓo bashi ba aikinsu ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa alkawarin ciniki. Fara da mutanen da ku biyun kuke jin nauyinsu: mai unguwa, limami, shugabannin kasuwa, ko Hisba a jihohin da take da ita. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 128, sulhu alheri ne. In an daidaita, a rubuta abin da aka tsayar, kowa ya sa hannu, shaidu biyu ma su sa. In abu ya faskara, sai kotu.

Shigar da ƙara

In ku duka Musulmi ne, za ka je Kotun Shari'ar Musulunci ta yankin da wanda kake bi yake zaune. A wasu jihohin kotun yanki ake ce mata. Wurin rajistara za ka fara tsayawa. Zai rubuta sunanka, da sunan wanda kake ƙara, da inda za a same shi, da abin da kake nema. Wannan abin da kake nema shi ake kira da'awa. Ka biya kuɗin ƙara, ka karɓi rasit, ka adana shi. Duk kuɗin da aka ce ka bayar a kotu, tambayi rasit ɗinsa. Mace ma tana shigar da ƙara da kanta, in kuma ta fi so ta naɗa wakili, kotu za ta rubuta wakilcin.

Daga nan masinjan kotu zai kai wa wanda ake ƙara sammaci. To, a juya maganar, a ce kai aka kawo wa. Duba abu huɗu a jikin takardar: sunan kotu, lambar ƙara, ranar zama, da abin da ake bin ka. Sammaci kira ne ka zo ka faɗi naka, ba a yanke maka hukuncin komai ba tukuna. Na sha ganin dattijo mai gaskiya ya ninke sammaci ya tura ƙarƙashin katifa saboda kunyar a ce an gan shi a kotu, kuma abin yana ɓata mini rai, domin shi yake cutuwa. Wanda ya ƙi zuwa bayan sammaci ya isa hannunsa, kotu na iya sa a kawo shi, ko ta saurari mai ƙara a bayan idonsa. In rashin lafiya ko tafiya ta hana ka, aika wani ya sanar, a ɗage zaman.

Gaban alƙali

Mai ƙara ne yake fara magana. A nan a rage dogon labarin yadda kuka taso tare da irin alherin da ka yi masa. Alƙali yana son ya ji nawa ne, yaushe, a ina, kuma a gaban wa. "Ranka ya daɗe, ina bin sa kuɗin masara buhu 10, na ba shi a rumfata da kakar bara, a gaban mutum biyu." Wannan da'awa ce da za a iya yin hukunci a kanta.

Sai a juya ga wanda ake ƙara: ya amsa, ko ya musa. In ya amsa, shari'a ta zo da sauƙi. In ya musa, sai a koma ga ƙa'idar da hadisi ya kafa, cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Ku lura da wani wuri da mutane suke zamewa. Wanda ya ce "na karɓa, amma na biya" ya riga ya amsa bashin. Yanzu shi ne mai da'awar biya, kuma shi za a ce ya kawo shaidar ranar da ya biya da hannun da ya damƙa wa. Shi ya sa in za ka biya bashi, biya a gaban mutane, ko ka ajiye saƙon banki.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi, maganar dukiya tana tabbata da shaidar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai ƙara. Shaida shi ne wanda ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa. "An gaya mini" ba ta wadatarwa a nan. Ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta ɗa ga ubansa, ko ta wanda zai ci riba in an yi nasara, ko ta wanda gaba ke tsakaninsa da wanda yake ba da shaida a kansa. Bayan kowane shaida ya gama, za a tambayi ɗaya ɓangaren ko yana da suka. In kana da ita, faɗe ta a lokacin, da dalilinta.

In mai ƙara ba shi da shaida ko ɗaya, sai a nemi wanda ake ƙara ya rantse. In ya rantse, ya kuɓuta. In ya ƙi, rantsuwar ta koma kan mai ƙara, ya rantse ya karɓi haƙƙinsa. Alƙali bai san gaibu ba, da abin da ya bayyana a gabansa yake hukunci, sauran kuma yana tsakanin mai rantsuwa da Ubangijinsa.

Akwai kalma ɗaya da nake so kowa ya tashi daga ajin nan da ita: i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci, wajibi ne ya tambaye ka ko kana da sauran magana ko wata hujja. Wasu kan ce "babu" don kwarjinin kotu, alhali akwai shaidar da ya yi tafiya, ko takardar da aka baro a gida. Wannan tambaya haƙƙinka ce. In akwai saura, ka ce akwai, ka roƙi lokaci. Kotunan sama sukan rushe hukuncin da aka yi ba tare da i'izari ba.

Bayan hukunci

In ka yi nasara kuma ba a biya ka ba, kada ka je ka ɗebo kayan mutum da hannunka. Koma kotun. Tana iya tsara masa biya kashi-kashi, ko ta sa a kama kayansa a yi gwanjonsu.

In kuma kana ganin an zalunce ka, ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'ar Musulunci cikin kwana 30 daga ranar hukunci, ka nemi kwafin shari'ar tun da wuri. In kwanakin suka ƙure, sai ka roƙi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi. Daga can hanya ta rabu. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, kuma bashin ciniki ba ya cikin jerin. Nemi shawarar lauya kafin ka ƙara taku. Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi hukumar gwamnatin tarayya mai ba da taimakon lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976.

Aikin yau

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa masa shaidu. Kowa ya buɗe littafinsa ya haɗu da na kusa da shi, ɗaya mai bayarwa, ɗaya mai karɓa. Ku rubuta takardar bashin masarar nan: cikakkun sunayenku, yawan buhuna da kuɗinsu da lambobi da kuma kalmomi, ranar bayarwa, ranar biya, sannan gurbin sa hannun mutum huɗu. In kun gama, mai karɓa ya karanta ta da ƙarfi a gaban aji kafin ya sa hannu.