Sankarar Bayan Hanci: Kurakuran da Ake Yi Wajen Karanta Gwajin Jini

Sankarar da ke tsirowa a saman maƙogwaro, can bayan hanci, ta fi yawa a kudancin China, musamman Guangdong da Hong Kong, sai kudu maso gabashin Asiya da arewacin Afirka. Tana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, kuma sau da yawa ba a gano ta sai ta yi nisa, ƙullutu ya riga ya fito a wuya. A wannan mataki likitoci kan duba wasu alamomin kumburi a jini don kintatar yadda ciwon zai kaya. Wanda aka fi ambata shi ne NLR: a raba adadin fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil da adadin wasu fararen ƙwayoyin da ake kira limfosayit. In nutrofil 6 ne, limfosayit 1.5, NLR ya zama 4. Bincike da dama ya nuna cewa masu NLR mai yawa kafin fara magani sun fi fuskantar dawowar ciwon.

Babban kuskure shi ne ɗaukar wannan lamba a matsayin hukunci. Sai ka ga ’yan uwa sun lissafa da kansu a waya, hankali ya tashi, wasu har su fara tunanin kwashe majinyaci su koma gida. Lambar nan tana magana ne a kan taron majinyata, ba a kan mutum ɗaya ba. Matakin ciwon, hoton MRI, da adadin ƙwayar Epstein-Barr a jini duk sun fi ta nauyi. Ba a dakatar da gashi (ƙona sankara da haske, wato radiotherapy) ko kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) saboda NLR.

Sai batun lokacin ɗibar jinin, wanda a ganina nan ne ma’aikata su kansu suka fi yin tuntuɓe. Maganin dexamethasone da ake haɗawa da cisplatin, wani maganin kemo, don hana amai yana ɗaga nutrofil, ya sauke limfosayit. Gashi ma yana karya limfosayit sosai. Allurar da ake yi don farfaɗo da fararen ƙwayoyin jini kuwa ita ma tana cilla nutrofil sama. Haka zazzaɓi, ciwon haƙori ko ƙurji. Duk wanda ya lissafa NLR a tsakiyar waɗannan, tasirin magani ya auna, ba halin sankara ba. Gyaran mai sauƙi ne: a yi amfani da jinin da aka ɗiba kafin fara kowane magani, a lokacin da babu zazzaɓi, a kuma rubuta ranar.

Akwai wani kuskuren da ya fi shafar mu. Yawancin binciken a China aka yi shi, kuma ko a can ba a daidaita kan iyaka guda ba; kowane rukuni da lambar da ya tsayar. Ga shi kuma mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma sun gaji wani yanayin jini da ke sa nutrofil ɗinsu ya yi ƙasa alhali lafiyarsu lau. Ke nan NLR ɗin majinyaci a Kano ko Maraɗi na iya fitowa ƙasa, a zaci albishir ne. Lissafin PLR, irin na NLR ne amma mai amfani da ƙwayoyin daskarar da jini a madadin nutrofil, shi ma haka: maleriya na sauke su, ƙarancin sinadarin ayan na ɗaga su.

Gwajin CRP, wani sinadarin jini da ke ƙaruwa idan akwai kumburi, da na albumin, wani furotin na jini, kan zo tare. Ma’aunin Glasgow, wanda shi ma ake kintatar makomar ciwon da shi, yana duba CRP sama da 10 da albumin ƙasa da 35. Kuskuren a nan shi ne a ga albumin ya faɗi a ce ciwo ne ya ci jiki kawai. Wanda gashi ya sa bakinsa ya yi gyambo ba ya iya haɗiya, rashin cin abinci kuma na iya sauke albumin. A auna nauyinsa kowane mako, a kula da bakin, a ba shi kunun gyaɗa, madara da ƙwai, in ta kama a saka masa robar abinci tun bai rame ba.