Yadda Ake Haɗa Fim Na Gwaji A Kan Zanga-zanga

Masu farawa kusan duk abu ɗaya suke yi, su kutsa tsakiyar taro su ɗauki fuskoki ana ihu, su dawo su ɗora kiɗa mai ban tausayi, wai an gama fim. Fim na gwaji ba dole sai ya bi labari daga farko har ƙarshe ba, so ake mai kallo ya ji a jikinsa yadda wurin yake.

Tun kafin ka fita ka zaɓi abu ɗaya da kyamararka za ta bi, ko ƙafafun mutane, ko hannayen da ke riƙe da kwalaye, ko takalman da aka zubar a titi bayan an harba barkonon tsohuwa. Wannan ma ya rage maka ɗaukar fuska, don fuskar da ka nuna tana iya jawo wa mai ita kamu.

Sai sauti, nan ne wallahi aikin mutane ke lalacewa. Makirufon waya idan ihu ya yi yawa fashewa yake, ka dawo ka tarar da ƙara kawai, kuma da wuya manhaja ta gyara maka sautin yadda ya kamata. Ka naɗi sauti daban da hoto, ko da tsohuwar waya ce, ka rage ƙarfin ɗaukarta, ka sa wa makirufon ɗan soso saboda iska, kuma kada ka tsaya kusa da lasifika, ka koma gefe inda taken da ake rerawa ke fita sarai. Ka naɗi kafin a taru da bayan an watse, jiniya daga nesa, numfashin wanda ya sha gudu, ko wanne aƙalla minti biyu. Ni a wurina kiɗa a kan irin wannan fim haramun ne.

Rashin kuɗi ba hujja ba ne. A lokacin zanga-zangar watan Mayun 1968 masu fim a Faransa, cikinsu har da Chris Marker, sun riƙa yin gajerun finafinai na kusan minti uku da hotuna marasa motsi da rubutu, ba sauti ma gaba ɗaya.

Wajen editin, manhajar haɗa bidiyo ta DaVinci Resolve na da ta kyauta. Ka fara jera sauti sannan hoto ya biyo, ka gwada barin allo baƙi ana jin ihu kawai. Duk fuskar da ta fito ka dusashe ta, ka goge bayanan wuri da lokaci da waya ke maƙalawa a fayil kafin ka tura wa kowa, asalin faifan kuma kada ya kwana a wayarka.