Manhajar talabijin a jami'a: kurakuran da ɗalibai da sassansu ke ta maimaitawa idan kamfani ya kawo tallafi

Bara wani yaro da nake duba wa furojek ɗinsa na ajin ƙarshe ya kira ni bayan isha'i, wai Malam don Allah ka zo ka gani, aiki ya kammala. Manhaja ce ta kallon karatuttuka a talabijin, kuma a laftof ɗinsa tana gudu lafiya lau, ya danna nan ta buɗe ya danna can ta rufe. Na ce to mu sa ta a talabijin ɗin da wani kamfani ya ba sashensu. Muka sa, na miƙa masa rimot, ya danna ƙasa, shiru. Ya danna dama, shiru. Ashe wata huɗu da linzamin kwamfuta yake gwaji, bai taɓa riƙe rimot ba.

Wannan kuskuren kusan kowa na yin sa. Yawanci talabijin ba shi da linzami kuma ba a taɓa fuskarsa kamar waya, abin da mai kallo ke da shi shi ne sama, ƙasa, hagu, dama, OK da maɓallin komawa baya. Saboda haka a kowane lokaci dole akwai abu ɗaya a allo da ke haske ko yake da zobe, wanda ke nuna wa mutum ga inda yake, kuma in ya danna dama ya san inda zai faɗa. Gyaran mai sauƙi ne amma sai malami ya yi taurin kai: tun makon farko a cire linzami a ajiye a durowa, a yi komai da kibiyoyin kibod, sannan duk mako a gwada a kan talabijin na gaske. Masu yin na Android TV kuma su tuna sai sun bayyana a fayil ɗin manhajar cewa ba ta buƙatar allon taɓawa, in ba haka ba ba za ta fito a shagon Google na talabijin ba.

Sai maganar nisa. Ɗalibi yana zaune hancinsa kusa da laftof, shi kuwa mai kallo yana kishingiɗe a kujera kamar mita uku daga allo, wataƙila ma tsoho ne da bai sa tabarau ba. Rubutun da ya yi kyau a tebur a falo tururuwa ne. A ƙara masa girma, a rage yawansa, a bar kamar kashi 5 cikin ɗari a kowane gefe babu komai mai muhimmanci don wasu talabijin na yanke baki. Kuma don Allah a daina sa mutum ya rubuta imel da faswod da rimot, azaba ce, a nuna masa lamba ya shigar a wayarsa kamar yadda YouTube ke yi. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye, haruffanmu masu ƙugiya, ɗ da ƙ da ɓ, wasu talabijin ba su da su, sai ka ga “ƙasa” ta koma ɗan akwati da “asa”. A haɗa salon rubutu irin Noto Sans ko Andika a cikin manhajar kanta, kar a dogara da na talabijin.

To amma babban laifin ba na yara ba ne, na sashe ne, wajen abin da ake roƙo daga kamfani. An sa hannu a takardar yarjejeniya, an ɗauki hoto, an kawo ƙaton talabijin sabo fil, sai a kai shi ofishin shugaban sashe a kulle wai kar yara su lalata. Na ga wannan da idona, makulli yana wajen mutum ɗaya kuma shi ma yana hutu. Ni a ganina gara a roƙi ƙanana guda biyar, a ciki har da tsofaffi, da a karɓi babba ɗaya. Dalili kuwa mutane ba sa canja talabijin kamar waya, yana iya yin shekara goma a falo. Talabijin ɗin LG masu tsarin aiki webOS 3 na wajen 2016 da 2017 injin burauza Chromium 38 suke amfani da shi, wanda ya fito tun 2014, don haka yaro zai rubuta JavaScript na zamani, wato yaren rubuta manhajar yanar gizo, ya yi aiki a sabon talabijin, a tsoho kuma baƙin allo kawai zai gani ba tare da ko saƙon kuskure ba.

Abin da ya fi na'ura daraja shi ne injiniyan kamfanin ya ba da ko awa biyu a wata, ko ta Zoom ne, ya duba aikin yara. Akwai ƙananan abubuwa da ke cinye makonni, misali a Samsung sai ka shiga sashen manhajoji ka danna 12345 kafin ka kunna yanayin masu gina manhaja, kuma satifiket ɗin da za ka sa wa manhajar sai an ɗaure shi da lambar wannan talabijin ɗin, in ka koma wani ya ƙi. Wanda ya saba a minti biyar zai nuna maka. A kuma roƙi gurbin SIWES, wato zaman koyon aiki na ɗalibai a kamfani, wata shida a cikin masu aikin ya fi kwali goma na kaya.

Kuskure na gaba, a mayar da kwas gaba ɗaya tallan kamfani ɗaya. Fasahar nan tana mutuwa da sauri. Italiya ta daɗe a kan MHP, tsarin gudanar da manhaja tare da shirin tasha, daga baya ta koma wani tsarin, HbbTV, irin na Jamus da sauran Turai. Samsung ya koma tsarin aiki na Tizen a 2015, LG ya fara webOS a talabijin a 2014. Abin da ke tsira shi ne HTML da CSS da JavaScript, don Tizen da webOS da HbbTV duk a kansu suke, sai sanin yadda bidiyo ke tafiya a intanet ta hanyoyin HLS ko DASH. Wannan a koyar sosai, kayan kamfanin ya zama wurin gwaji. Kuma jami'a ba almajira ba ce a wannan harkar, a Barazil tsarin gudanar da manhaja na Ginga da ke cikin talabijin ɗinsu na dijital, wanda ya fara a 2007, jami'o'i ne suka gina shi, jami'ar Katolika ta Rio (PUC-Rio) da jami'ar tarayya ta Paraíba, kamfanoni suka biyo baya.

Ana kuma yawan cakuɗa abu biyu. Akwai manhajar da ke zuwa ta intanet, akwai wadda ke tafiya tare da shirin tasha, irin ta danna jan maɓallin rimot da BBC ta yi suna da shi. Yaro zai ji an ƙaddamar da talabijin na dijital a Jos a 2016 da Kano a 2021 sai ya zaɓi taken “zaɓe kai tsaye a cikin shiri”, bai san sai tasha ta saka sigina a cikin watsawarta ba kuma sai talabijin ko dikodar ta gane shi. In babu tasha a yarjejeniyar, a roƙi ƙaramar na'urar watsa siginar dijital (DVB-T2) ta ɗakin gwaji, ko a canja take tun da wuri.

Sauran a gurguje: a gwada da hotspot na waya mai sanda ɗaya ba wayifai na ofis ba, a zare filogi a tsakiyar bidiyo a ga ko za ta ci gaba daga inda ta tsaya in an dawo da wuta, kar a cusa finafinan Kannywood ba izini don kawai a cike allo, kuma a rubuta tun farko waye mai mallakar kod ɗin manhajar, ɗalibi ko jami'a ko kamfani.

Shi yaron nan sati uku ya yi yana gyaran zirga-zirgar rimot kaɗai. Ranar kare furojek malamin waje da aka gayyato ya karɓi rimot ɗin ya koma kujerar baya, ya yi ta danna maɓallin baya har manhajar ta tambaye shi ko yana son fita, sannan ya ce a ƙara girman rubutun shafi na biyu.