Yadda za ka bambance zanen Misirawan dauri da wanda Bature ya zana

Masu zanen bangon makarantu a Gusau, da malamai masu sauko ma yara hotuna a waya, wannan naku ne. In ka nemi hoton zamanin Fir'auna a intanet, da yawa cikin abin da zai fito aikin Turawa ne na shekarun 1800, su kuma da idon garinsu suka kalli abin.

Fara duba tsayuwar mutum. Bamisiren dauri yana zana fuska ta gefe amma ido cikakke kamar yana kallonka, kafaɗu na fuskantarka, ƙafafu kuma sun nufi gefe guda. Babu inuwa, babu wai na nesa ya ƙanƙance, girman mutum a bango girman muƙaminsa ne, shi ya sa za ka ga sarki zabgege bayinsa ko gwiwarsa ba su kai ba. Da ka ga inuwa da hasken rana da zurfi kamar hoton kyamara to ba salon Misirawan zamanin Fir'auna ba ne, galibi hannun Bature ne.

Sai launin fata. Misirawan dauri galibi maza ja-ja mai duhu suke shafa musu, mata kuma rawaya-rawaya, Turawa kuwa sau da yawa sai su faranta sarauniya tas kamar 'yar Landan.

Ka kuma nemi shekarar zanen. Napoleon, jagoran sojan Faransa, ya shiga Masar a 1798 da malamai da masu zane sama da 150, daga nan zazzabin abin ya kama Turai, amma sai 1822 wani masani ɗan Faransa, Champollion, ya gano yadda ake karanta rubutun Misirawan dauri mai hotunan tsuntsaye da macizai. Kafin nan masu zane da dama kwaikwayon alamomin kawai suke, ado ne, ba ya cewa komai. Mai zane David Roberts ɗan Sikotilan da ya je Masar a 1838 ya iya hannu wallahi, sai dai kango ya tarar rairayi ya cinye rabinsa, alhali a zamanin fir'aunoni gine-ginen nan fenti ne rangaɗau, shuɗi da ja da kore.

Raƙumi ma alama ne, da wuya ka gan shi a bangon kaburburan fir'aunoni, jaki da shanu da jirgin ruwa su ne suka cika wurin. In na asali kake so ka kwaikwaya, nemi hotunan kabarin sarauniya Nefertari ko na Fir'auna Tutankhamun wanda Baturen Ingila Howard Carter ya gano a 1922, ka fara ja layukan murabba'i a bango kafin ka ɗora mutum, haka Misirawan dauri ma suke yi.