Kurakuran da ke haɗa masu kiwon aladu da duba-gari

Daga ƙauyukan Filato zuwa kasuwar aladu ta Katsit da ke gefen Kafanchan, mutane da dama da wannan kiwo suke ci. Sai dai mafi yawansu ba sa tuna dokar muhalli sai duba-gari ya tsaya a ƙofar gida. Maƙwabci dai wari ne ke kai shi ƙara, amma babbar ɓarnar a ruwa take.

A duba inda ruwan wankin ɗakin aladu ke bi. Sau da yawa an huda bango ne kawai, baƙin ruwa mai kumfa ya bi kwata, ya wuce ta gindin rijiya, ya faɗa rafin da ake wanki. Ruwan nan cike yake da ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret, wanda ya fi yi wa jarirai illa. Gyaran shi ne a yi daɓen siminti mai ɗan gangare, a kwashe kashi da shebur kafin a watsa ruwa, ruwan kuma ya tafi ramin da aka shafe da siminti. Ramin ya kasance ta ɓangaren gangare, ƙasa da inda rijiya take, da tazarar aƙalla mita 30. A yi masa rufi, don ramin da ke buɗe ruwan Agusta na cika shi ya tumbatsa.

Ɗanyen kashi kuwa kada ya je kan alayyafo ko latas. A tara shi da ciyawa, ana juyawa har ya ruɓe ya huce.

Jefar da mushe a bola ya fi komai muni. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya yi kaca-kaca da gonakin Oke-Aro na yankin Legas a 2020, ba shi da magani, ƙwayarsa kuma tana daɗewa a jikin mushe. Kare ɗaya ya ja ƙafar mushen zuwa wani gida, an gama. A sanar da likitan dabbobi, a binne da zurfi ko a ƙone.

Akwai kuma masu cewa doka ta manyan gonaki ce. Gaskiya ne babbar gona ce dokar 1992 ta wajabta wa binciken tasiri ga muhalli kafin a fara gini, amma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, da KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, suna da hurumi kan gurɓata ruwa ko aladunka biyar ne. Kafin ka sa bulo na farko, je sashen lafiya na ƙaramar hukuma su ga wurin.