Yadda Ake Muhawara Bisa Tsarin Malaman Hindu

A Indiya, mazhabobi shida na falsafar Hindu sun daɗe suna jayayya da juna, da mabiya Buddha, har da 'yan Carvaka waɗanda suka ƙi yarda da littattafan Veda masu tsarki na Hindu. Ƙa'idar da suka bi tana da amfani ga kowa.

Fara da kawo ra'ayin abokin muhawararka, wato purvapaksha. Ka kawo hujjojinsa mafi ƙarfi, yadda idan ya ji zai ce lallai haka yake nufi. Nan ne aka fi zamewa: mutum ya zaɓi raunanan hujjoji don su yi sauƙin rushewa, sai ya ƙare yana faɗa da maganar da ba wanda ya faɗa.

Sannan ku daidaita kan abin da za a karɓa a matsayin shaida. Mazhabar Nyaya, ɗaya daga cikin shidan nan, ta yarda da huɗu: gani da ido, istinbaɗi, kwatanci, da maganar amintacce. Carvaka kuwa gani da ido kaɗai ta sani, don haka jawo mata nassi ɓata lokaci ne.

Daga nan sai raddi, hujja bayan hujja, kafin ka bayyana matsayarka. Idan ɗayanku rusawa kawai yake yi ba tare da matsaya ba, a dakatar da zaman.