Yadda Ake Ƙirga Fayilolin Folda ta Tagar Umarni

Masu shagunan kwamfuta a Katsina, musamman waɗanda ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ke kai wa aikin bugawa, sukan buƙaci sanin yawan fayilolin da ke cikin folda ba tare da sun bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ga yadda ake yi a Linux, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows.

Da farko, buɗe tagar umarni (Terminal), wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka shiga foldar da umarnin `cd`, misali `cd ayyuka` idan sunan foldar ayyuka ne, ka danna Enter.

Daga nan rubuta `ls | wc -l`. Umarnin `ls` yana jero sunaye, sandar tsakiya (`|`) tana miƙa su ga `wc -l`, shi kuma ya ƙirga layuka. Sai dai wannan lissafi yana haɗawa da ƙananan foldoji, kuma yana tsallake ɓoyayyun fayiloli, wato waɗanda sunansu ya fara da ɗigo.

Saboda haka na fi amincewa da `find . -maxdepth 1 -type f | wc -l`, domin fayiloli zalla yake ƙirgawa, har da ɓoyayyun. Idan kana son a haɗa da na cikin ƙananan foldoji, cire `-maxdepth 1` ka sake danna Enter.